Firam ɗin da muka saya wa autanmu

Mu shida ne. Duk Asabar da Lahadi, da an idar da sallar asuba, mukan haɗu a bakin wani gidan mai da ke kan hanyar Gwarzo, mu hau kekunanmu mu wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, mu miƙa har Rimin Gado, sannan mu juyo kafin rana ta yi zafi. A cikinmu akwai malaman makaranta biyu, da ma'aikacin jinya, da ɗan kasuwar Kwari, da injiniyan ruwa, da wani dattijo da ya yi ritaya daga banki, wanda muke ce wa Baba. Babu ɗan tsere ko ɗaya. Yawancinmu likita ne ya koro mu kan keke, saboda tumbi da hawan jini.

Na bakwai ɗinmu ba mu muka gayyato shi ba. Ɗan mai facin da ke gyara mana tayoyi ne, yana da shekara 17 a lokacin. Wata Asabar a 2022 sai muka waiga muka gan shi a bayanmu kan tsohuwar Phoenix ta babansa, ba giya, ƙafarsa da silifas. Muka ce kafin Janguza zai gaji ya koma. Bai koma ba. A hanyar dawowa ma ya wuce mu ɗaya bayan ɗaya, yana gaishe da kowa cikin ladabi, abin da ya fi wucewar ciwo. Tun daga ranar muke ce masa auta.

Ɗan kasuwar cikinmu ya ba shi wani keken tsere na gwanjo da ya daina hawa, na alminiyum, mai lamba 58. Keken ya yi masa yawa ƙwarai. In ya hau sai ka ga kamar mutum yana miƙa hannu zai ɗauko kaya a saman kabad. Yakan dawo wuyansa a sage, yatsunsa sun mutu, amma duk da haka ba ma ganin ƙurarsa. A watan Janairun 2023 muka yanke shawarar buɗe asusu, kowa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk wata, mu saya masa abin hawa na gaske, ko Allah zai sa ya shiga cikin masu wakiltar jiha a gasar wasanni ta ƙasa.

Firam kaɗai muke nema, ba keke sukutum ba. Baba yana da wili biyu masu kyau da ya ce ya bayar, injiniya kuma yana da cikakken saitin giya da birki na Shimano 105 a kwali. Ga wanda bai saba ba, firam shi ne gangar jikin keke: sandunan nan da suka haɗu suka yi kusurwa uku-uku gida biyu, da fok ɗin da ke riƙe tayar gaba. Sirdi da sarƙa da feda da taya duk ana canja su in sun ci, ko in an sami waɗanda suka fi su. Firam kuwa in ka yi kuskurensa ka yi ke nan, sai dai ka sayar a faɗi.

Wata biyar muna zubi sai aka saki darajar naira a watan Yunin 2023. Dalar da ake lissafi a hukumance kan naira 460 da 'yan kai ta haura 700 cikin kwanaki kaɗan, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta wuce 1,500. Firam irin wanda muke hange ana sayar da shi sama da dala 5,000. Kullum asusu yana ƙaruwa a takarda, kullum abin da zai iya saya yana raguwa. Baba ne ma'aji, kuma da yake tsohon ma'aikacin banki ne, ya fi kowa sanin abin da ke faruwa. Har ya kai ba ya son a tambaye shi nawa aka tara.

A wannan tsakanin ne muka zama malamai a waya. Babu daren da wani ba zai turo hoton firam da nauyinsa ba. Mun haddace cewa S-Works Tarmac SL8, da kamfanin Specialized ya fitar a 2023, giram 685 ne a lamba 56, Aethos ɗinsu kuma giram 585. Mukan yi musu a kan giram 50 har ƙarfe sha ɗayan dare, mu da kowannenmu ke ɗauke da rarar kilo goma a ciki. Ma'aikacin jinya ne ya fara dawo da mu hayyacinmu. Ya ce shi wannan SL8 ɗin yana da ƙane, siffa ɗaya, awo ɗaya, sai dai kabon ɗin ba mai daraja ta farko ba ne, nauyinsa giram 780. Bambancin giram 95 ke nan. Ya ɗaga ledar fiyawata da ke hannunsa ya ce wannan giram 500 ce, a raba ta biyar, kashi ɗaya ma ya fi abin da muke son biyan ɗimbin kuɗi a kansa. Ya ƙara da cewa hukumar tseren keke ta duniya, UCI, tun shekarar 2000 ta hana a shiga gasa da keken da bai kai kilo 6.8 ba. Wato ko ka sayi firam mai nauyin gashin kaza, akwai iyakar da ba za ka ƙetare ba. Muka yi dariya, muka yarda da shi, washegari muka ci gaba da turo hotuna.

Baba ƙarfe yake so. Mahaifinsa ya hau Rale ɗaya shekara talatin, kuma yana yawan tuna mana cewa bututun Reynolds 531 tun 1935 ake yin kekunan tsere da shi a Ingila. Hujjarsa ita ce ƙarfe ba ya munafunci: in zai gaza sai ya lanƙwashe ka gani, kuma ana iya yi masa walda. Injiniya ya ce haka ne a kan Rale, amma bututun ƙarfen tsere na yanzu kaurin bangonsa a tsakiya bai wuce rabin milimita ba, mai waldar bakin titi yana ɗora wuta zai huda shi. Taitaniyam ba ya tsatsa, ba ya buƙatar fenti, amma ko kusa da kuɗinsa ba mu je ba, don haka maganarsa ba ta yi tsawo ba. Alminiyum mai kyau, irin su CAAD na Cannondale, ba abin rainawa ba ne, kuma da mun ajiye girman kai da tun a nan muka tsaya. Sai dai kowa ya san rabon da a ci gasar Tour de France da keken da ba na kabon ba tun 1998, lokacin da Marco Pantani ya ci a kan Bianchi na alminiyum. Zuciyarmu tana kan kabon.

Shi kabon ɗin nan ba narka shi ake yi a zuba ba. Zare ne da ya fi gashin kai siranta, ana jera shi ya zama kamar ƙyalle, a jiƙa shi da wani irin ƙaro, a yayyanka ɗaruruwan gutsattsari, ma'aikata su shimfiɗa su da hannu cikin mazubi ɗaya bisa ɗaya, kowane da inda zarensa zai fuskanta, sannan a gasa. Kamfanin Toray na Japan yana cikin manyan masu yin zaren, yawancin firam-firam ɗin kuma a Taiwan da Sin ake haɗa su, har da na kamfanonin da sunansu na Turai ne ko na Amurka. Ƙarfin firam yana cikin wannan shimfiɗar da ido ba ya gani. Firam biyu za su iya zama kamar an tsaga kara a waje, ɗaya ya yi shekara goma, ɗayan ya dare a rami na farko. Kuma kabon ba ya lotsewa ya yi maka kashedi kamar ƙarfe. Yakan tsage daga ciki, fenti lafiya lau, sai ranar da ya ga dama. Duk wannan mun karanta, mun sani, tun kafin abin da ya biyo baya.

Damina ta 2024 ta ƙara mana zumuɗi. A watan Yuli muka taru a falon Baba muna kallon Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku a Tour de France, ya tafi da koriyar riga. Auta yana zaune a ƙasa kusa da talabijin, ko ƙiftawa ba ya yi. A watan Agusta kuma labari ya zo daga gasar Olamfik ta Paris cewa 'yar Nijeriya Ese Ukpeseraye sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta shiga tseren cikin fili da shi. Abin ya taɓa mu. Ɗan kasuwarmu ya bugi ƙirji ya ce in dai yana numfashi auta ba zai hau aro ba, kuma ba zai hau abin da za a raina shi a layin farawa ba.

Ana cikin haka sai ga wani dillali daga wani gari, wanda aka haɗa mu da shi ta waya. Yana da firam ɗauke da sunan wani babban kamfanin Italiya, ya ce ɗan Beljiyam ne, an hau shi shekara ɗaya kacal, kuɗinsa kashi ɗaya cikin uku na sabo. Ya turo bidiyo yana juya shi a rana, fentin yana ɗaukar ido. Karo na farko cikin wata ashirin, abin da ke asusunmu ya isa sayen abin da muke mafarki. Ɗan kasuwa da malaman nan biyu suka ce a biya yau. Injiniya da ma'aikacin jinya suka ce a dakata. Baba ya yi shiru. Auta bai ce komai ba, don ba ya sa baki in manya na magana, amma mun ga ya mayar da hoton firam ɗin fuskar wayarsa. Dillali ya ce akwai wani a Legas da ke jira. Muka tura kashi ɗaya cikin huɗu a matsayin kafin alƙalami, bisa sharaɗin yaronsa zai kawo mu gani kafin mu cika.

Ranar da aka kawo shi, a rumfar mai faci muka buɗe kwalin, ƙarƙashin darbejiya, don shi ne zai riƙa kula da keken. Mu shida muka kewaye shi muna shafawa, kowa na ɗagawa da yatsa biyu yana jinjina rashin nauyinsa. Mai faci ya goge hannunsa da tsumma kafin ya taɓa. Bai kalli sunan ba. Ya juya shi ya duba ɗan ƙarfen nan na baya da ake ɗaura giya a jikinsa, wanda muke kira kunne, ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, ni ban san kabon ba. Amma wannan kunnen in ya karye, a ina zan samo wani?"

Babu wanda ya amsa. Shi kunnen da gangan ake yin sa da taushi, don in keke ya faɗi ta dama shi ya lanƙwashe ko ya karye, firam ya tsira. Kusan kowane samfuri da irin nasa, ba a sa na wani a wani. Abu ne da bai fi tsawon yatsa ba, amma in babu shi keken miliyoyi ya zama kayan ado. Mai faci ya ci gaba da tambaya, a hankali, kamar mai neman a ƙara masa sani. Sandar sirdin nan da ba zagayayya ba ce, in ta tsage fa? Wayoyin birki da suka bi ta cikin wuya suka ratsa boris, in ƙurar hunturu ta cinye boris ɗin, sai an kwance birki gaba ɗaya kafin a canja? Gurbin feda da ba shi da zare, sai dai a danna boris da ƙarfi, da wane abu zai danna, guduma? Taya mai faɗin nawa ke shiga? Muka duba, milimita 28 ce iyaka. Ya gyaɗa kai ya kalli titi. Mu ma muka kalla, don mun san ramukan da ke jiranmu bayan kowace damina.

Daga nan ya ce wa ɗansa ya zo ya tsaya, ya jingina firam ɗin a jikinsa. Lamba 56 ne. Auta tsawonsa santimita 167.

A nan ne ya kamata mu faɗi abin da ba ma son faɗi. Mun san lambar tun ranar da aka turo bidiyo. Mun tattauna ta, muka ce ai an rage daga 58, za a sa gajeren wuya, a sauke sirdi, kuma yaro ne zai ƙara tsawo. Shekararsa 19 a lokacin, tsawon da zai ƙara ya riga ya ƙara. Wata ashirin muna tara kuɗi saboda keken da ya yi masa yawa yana sage masa wuya, sai ga shi muna shirin saya masa wani da ya yi masa yawa, don kawai sunan da ke jikin sanda. Sunan nan mu yake yi wa daɗi. Mu ne za mu tsaya kusa da shi a ɗauki hoto.

Injiniya ya ɗauki hoton lambar da ke ƙarƙashin gurbin feda ya aika wa kamfanin. Bayan kwana huɗu amsa ta zo cewa lambar ba ta cikin kundinsu. Jabu ne: an kwaikwayi siffa da fenti, abin da ke ciki kuwa Allah kaɗai ya sani. Dillali ya rantse shi ma haka aka sayar masa, wataƙila ma gaskiya ya faɗa. Bayan mako uku ana ja-in-ja ya dawo da rabin kafin alƙalamin, ya daina ɗaukar waya. Mun gode Allah da ya kasance jabu, don da na gaske ne da mun cika kuɗin, lamba 56 da komai.

Asarar ta tono abin da ke ƙasa. A zaman da muka yi bayan nan, ma'aikacin jinya ya ce tun farko abin yana damunsa: yaron da bai haɗa sakamakon sakandare ba, mahaifinsa yana faci a bakin titi, a ɗora shi kan abin da kuɗinsa zai buɗe masa shago? Taimako ne wannan, ko wasanmu muke yi da rayuwar ɗan mutane? Ɗan kasuwa ya ji kamar da shi ake, tunda shi ya matsa a biya. Ya ce in an ga dama a cire asarar daga kasonsa, ya tashi ya fita. Wata biyu ba mu gan shi a gidan mai ba.

Tambayar ba ta da daɗi, amma tana kan hanya, kuma ba mu ne masu amsa ta ba. Baba ya je rumfa shi kaɗai ya zauna da mai faci. Abin da ya dawo mana da shi gajere ne. Mutumin ya ce shekara talatin yana taɓa keke bai taɓa ganin wanda tsere ya ciyar ba, amma kuma bai taɓa ganin abin da ke tayar da yaron nan kafin kiran sallar farko ba tare da an tashe shi ba sai wannan. Ya ce a saya, amma da sharaɗi ya sake zana NECO. Muka ware kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage domin kuɗin jarrabawa da tayoyi da abinci, don yaron da ke yin kilomita ɗari da safe ba koko kaɗai zai sha ba.

Sai a lokacin muka yi abin da ya kamata mu fara da shi. Muka tsayar da auta a jikin bango ba takalmi, ya matse littafi a tsakanin cinyoyinsa, muka auna daga ƙasa zuwa bakin littafin: santimita 78. Muka daina kallon lambar da ake rubutawa a kwali, don 52 na wannan kamfani ba lallai ya zama 52 na wancan ba. Awo biyu ne ba sa ruɗi, kuma kowane kamfani na ƙwarai yana buga su. Duka daga tsakiyar gurbin feda ake fara su zuwa saman bututun gaba: ɗaya a tsaye, mu muna ce masa tsayuwa, ɗaya a kwance, muna ce masa miƙa. A teburin awon da muka duba, tsakanin 52 da 56 miƙa ta bambanta da santimita ɗaya da rabi, tsayuwa kuma da kusan biyar. A takarda kamar ba komai. A jikin mutumin da zai yi awa huɗu a duƙe, wannan ne ke raba wanda ya sauka yana tafiya daidai da wanda ya sauka yana riƙe da ƙugu. Muka aro keken wani abokinmu mai irin wannan awo, auta ya hau sati biyu, ya ce yatsunsa sun daina mutuwa.

Abin da muka saya a ƙarshe ba za mu ambaci sunansa ba, kada a ce talla muke yi. Kabon ne mai daraja ta biyu daga kamfani sananne, samfurin shekara biyu baya, shi ya sa aka karya kuɗinsa. Lamba 52. Gurbin feda mai zare, wanda ake ɗaurawa da kwancewa da sifana. Sandar sirdi zagayayya mai milimita 27.2, irin wadda ake samu ko a kayan gwanjo. Yana karɓar taya har milimita 32, yana kuma karɓar giyar waya, ba sai mai batir ba. Ƙanen injiniya da ke karatu a Ingila ne ya saya a shagon da kamfanin ya amince da shi, da rasit da lamba, ya taho da shi cikin kayansa da ya zo hutu. Muka sa ya haɗo da kunne uku da ƙaramar sifana mai awo, don kabon in aka ɗaure masa noti fiye da kima murƙushewa yake yi, kuma hannun mai faci ya saba da Phoenix.

Launinsa toka-toka ne, ba ƙyalli. Da aka buɗe kwalin auta ya durƙusa ya yi wa kowa godiya, amma mun ga fuskarsa, kuma mun lura hoton wancan na Italiya ya ƙara kusan wata guda a wayarsa. Ma'aikacin jinya ya tambaye shi ko ya san keken da Biniam ya ci koriyar riga da shi. Ya ce, "Cube ne, Yaya." Ya ce to a cikin hotunan da muka yi wata ashirin muna turowa, ka taɓa ganin Cube? Auta ya yi murmushi ya sunkuyar da kai.

Ɗan kasuwa ya dawo ranar da aka fara fita da keken. Bai yi maganar abin da ya wuce ba, mu ma ba mu yi ba. Ya zo da takalmin tsere a leda, ya ce a gwada, in bai yi daidai ba a mayar a canjo, kada a ce za a sa tsumma a ciki.

A mako na uku akuya ta yanko titi daidai wata kwana bayan Janguza. Auta ya kauce mata ya faɗi ta dama, ya ɗaye gwiwa da gwiwar hannu. Muka iso muka same shi zaune a gefen kwalta, jini na zuba, shi kuwa yana bin sandunan da yatsa yana neman tsaga. Babu. Giyar baya ce ta karkace ta shige cikin wili. Muka sa keken a Adaidaita zuwa rumfa. Babansa ya duba raunin ɗansa tukuna, sannan ya jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin benci, ya zaro kunne ɗaya, ya kwance lanƙwasasshen, ya ɗaura sabo da sifanar nan mai awo har ta yi ƙara. Ko minti goma bai yi ba. Ya rufe gwangwanin ya ce wa Baba, "Saura biyu, Alhaji. In yaron nan na Ingila zai sake zuwa, a faɗa masa."